Yadda Za Ka Tafiyar da Kwanakinka na Farko a Old School RuneScape

A wani dare na hunturu a nan Jos, lokacin da sanyi ya tashi majalisarmu tun kafin ƙarfe tara, ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, gwada wannan ka gani." Abin da idona ya fara cin karo da shi bai burge ni ba, domin zanen wasan na tsohon yayi ne, mutanen cikinsa kuma kamar an sassaƙa su da gatari. Sai ya nuna mini jama'ar da ke kai da komowa a ƙofar wata fada, ya ce kowannensu mutum ne mai rai da ke riƙe da waya ko kwamfuta a wata ƙasa. Wannan ne ya zaunar da ni, kuma shi ne dalilin da ya sa nake son wanda zai gwada wasan ya shiga da haƙuri, kada ya yanke masa hukunci da kallon farko.

Kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila ne ya fitar da RuneScape a shekarar 2001. A 2013 ya dawo da wasan kamar yadda yake a 2007, ya sa masa suna Old School RuneScape, sannan a 2018 aka fitar da shi a waya. Na zaɓe shi a kan irinsu World of Warcraft saboda ya fi dacewa da halin da muke ciki: ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada, ba ya cin data da yawa, kuma ana shiga kyauta. Akwai wani dalili da ya fi waɗannan ƙarfi. Duk abin da ke faruwa a cikinsa yana tafiya ne a kan bugun agogo na kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa, saboda haka ɗan jinkirin sabis da zai kashe ka a wasan harbe-harbe ba ya yi maka illa sosai a nan, musamman a matakan farko.

Kafin ka taɓa komai, ka gyara asusunka. Ka buɗe shi da imel ɗin da kai kaɗai ke shiga, ka zaɓi kalmar sirrin da ba ka amfani da ita a Facebook ko wani wuri, sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu tun a daren. Da ka shiga za ka ga jerin duniyoyi masu lambobi, kowace da tutar ƙasar da na'urarta take. Ka zaɓi ta Birtaniya ko ta Jamus, domin sun fi kusa da mu fiye da na Amurka da Ostareliya, kuma ka tabbatar ta 'yan kyauta ce.

Wasan yana fara ajiye ka a wani tsibiri na koyon aiki, kuma a nan ne sababbi suka fi yin gaggawa. Kada ka yi. Za a koya maka saran itace, hura wuta, kamun jatan lande da gasa shi, kwaɓa fulawa ka yi burodi, sannan a saukar da kai cikin rami a ba ka diga. Ni ɗan Jos ne, na taso ina ganin kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukur, don haka na ji wani abu a raina lokacin da aka ce in haƙo kuza da jan ƙarfe, in narka su su zama tagulla, in ƙera wuƙa a kan maƙera. Abin da tsibirin ke son ka gane shi ne, kowace sana'a tana da matakinta daga 1 zuwa 99, kuma yin aikin ne kawai ke ɗaga ta. Don ka san tsawon hanyar, mataki na 99 yana buƙatar makin gogewa sama da miliyan 13, kuma wanda ya kai mataki na 92 rabin tafiyar kaɗai ya ci. Wanda ya shigo da niyyar gamawa a mako guda ya ɓata lissafi tun daga tushe.

Daga tsibirin za ka faɗo garin Lumbridge, kana kuma iya rasa inda za ka nufa. Wannan ruɗewar ce ke korar mutane da yawa a rana ta farko. Shawarata ita ce ka shiga kicin ɗin fadar ka yi magana da kuku, zai aike ka ka samo masa ƙwai, bokitin madara da tukunyar fulawa. Aiken ƙarami ne, amma kafin ka kammala shi ka san gonar kaji, ka tatsi saniya, ka kai alkama injin niƙa, wato ka zagaya garin da ƙafarka. Bayan haka ka koyi faɗa a kan shanu da ke gabashin kogi, ka tara fatunsu, ka binne ƙasusuwansu. Jakarka gurbi 28 kawai take ɗauka, bankin kuwa yana hawa na ƙarshe a saman fadar. Idan ka ɓata, akwai sihirin komawa Lumbridge kyauta, amma sau ɗaya ake yin sa a cikin minti 30.

Idan ka ɗan yi ƙarfi, ka nufi ramin da ke tsakiyar ƙauyen Barbarian Village. A can ƙofofi ne ke yi maka tambayoyi kan tsaron asusu, kuma ladan da ke ciki ya kai tsabar zinare 10,000, wanda babban jari ne ga sabon shiga. Ka tafi da abinci cike da jaka. A hanyar birnin Varrock kuma, ka kauce wa matsafan da ke tsaye a da'irar duwatsu kudu da birnin, domin suna kai wa masu ƙaramin mataki hari ba tare da an tsokane su ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato mutane. A babbar kasuwar Varrock, wadda ake kira Grand Exchange, za ka ga cunkoso kamar na kasuwar Taminus ta Jos ana gobe Salla, kuma kamar kowace kasuwa, akwai mutanen kirki akwai 'yan damfara. Wani zai ce ka ba shi kuɗinka ya ninka maka su, wani zai ce ka ba shi sulkenka ya yi masa ado da zinare, wani kuma zai ja ka da daɗin baki zuwa jejin Wilderness da ke arewa, inda aka halatta wa 'yan wasa su kashe juna su kwashe kaya. Duk wanda ya nemi ka miƙa masa kayanka, ko ka bi wani adireshin intanet ka sa kalmar sirrinka, ka rabu da shi nan take. Haka nan kada ka yi mamaki idan kasuwar ta hana ka sayar da wasu kaya da farko. Ana ɗage wannan takunkumi bayan ka yi awa 20 kana wasa, ka tara makin aike 10 (makin da ake samu idan an kammala aike irin na kuku), jimillar matakanka kuma ta kai 100. Duk da haka, kada tsoro ya hana ka magana. A bakin kogi, ina kamun kifi, wani baƙo da ban taɓa sani ba ya tsaya ya hura mini wuta ya nuna mini yadda ake rage ƙonewar kifi, bai nemi komai ba.

Ka riƙa tuna cewa wannan duniyar ba ta tsayawa don kai. Idan aka ɗauke wuta ko sabis ya yanke kana tsakiyar faɗa, dodon zai ci gaba da dukan ka. In ka mutu a wajen Wilderness, kayanka uku mafi tsada suna tare da kai, sauran kuma suna jira a kabarinka na minti 15. Saboda haka ka cika caji kafin ka shiga wuri mai haɗari, kuma idan lokacin salla ya gabato ka koma banki ka fita da kyau, domin wasan ba ya barin mutum ya fita sai bayan daƙiƙa 10 da gama faɗa. Ka kuma yanka wa kanka lokaci tun kafin ka zauna, don saran itace ɗaya bayan ɗaya yana cinye dare mutum bai ankara ba, ɗalibi mai lacca da safe a harabar Jami'ar Jos da ke Naraguta kuwa shi zai fi jin jiki.

Game da biyan kuɗin zama mamba, wanda ke buɗe sassan wasan da 'yan kyauta ba sa shiga, ban ga dalilin hanzari ba. Ka bari sai ka tara makin aike 32, ka karɓi aiken Dragon Slayer, ka gyara jirgin ruwa ka je tsibirin Crandor ka kashe dodanniya Elvarg. Wanda ya kai nan ya riga ya san ko wasan nasa ne, kuma a lokacin yana iya fara tara zinaren cikin wasa ya sayi takardar da ake kira bond, wadda ke ba shi kwana 14 na zama mamba ba tare da ya taɓa nairarsa ba.