Ƙirga haƙora kafin ka ce keke ya yi nauyi

Da yawa daga masu keke mai giya a Kaduna a giya ɗaya suke zaune, kuma mafi nauyi, wai a nan gudu yake. Gwiwa ce ke shan wahalar, kaca da firiwil kuma su cinye kafin lokacinsu.

Jingine keken, ka ƙirga haƙoran farantin gaba wanda feda ke juyawa, sannan na firiwil a tayar baya, ka raba na gaba da na baya. A babban keke marar giya irin Phoenix ko Hero mai taya inci 28, sau da yawa 44 ne a gaba, 18 a baya. Ke nan duk zagayen feda ɗaya, taya na juyawa sau 2.4. Kewayen tayar kusan mita 2.2 ne, wato tafiyar mita 5.4. In ƙafarka na zagaye 70 a minti, kilomita 22 da ɗoriya kake ci a awa. A kwalta irin ta Ahmadu Bello Way hakan ya yi. Amma mai ɗauko buhun masara ko jarkokin ruwa ta lungunan Rigasa, gara ya sa firiwil mai 20 ko 22. Da 22 tafiyar ta koma mita 4.4, feda ta yi sauƙi sosai, sai dai wataƙila a ƙara wa kaca gaɓa.

Keken gwanjo mai taya inci 26 kuwa galibi faranti uku gare shi, 42, 34 da 24, a baya kuma bakwai, daga 14 zuwa 28. Mafi nauyi na ba da mita 6.2, mafi sauƙi 1.8. Zirga-zirgar cikin gari farantin tsakiya ne, tare da 16 ko 18.

Ƙafa ce alƙali. Ƙirga tasowar gwiwar dama cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Tsakanin 70 da 90 ake so. In ka gaza 60, kana karkata hagu da dama a kan sirdi, rage giya.

Tun kafin ka fara hawan gada ake canjawa, feda na juyawa amma ka sassauta taku. Canji kana danne feda da ƙarfi shi ke tsinka kaca. Haka in za ka tsaya a danja, rage tukuna don tashi ya zo da sauƙi. Kada ka haɗa babban faranti da babban haƙorin baya, ko ƙarami da ƙarami. Kaca na karkacewa, tana gurza.

In giya na jinkirin hawa babban haƙori, wayar giya ce ta saki. Warware ɗan kunnen da ke bakin wayar kwatan zagaye a kowane karo, kana gwadawa. In kaca na tsalle duk da haka, auna ta: a sabuwar kaca, daga ƙusa ɗaya zuwa ta 24 da ke bayanta inci 12 ne cif. Ƙarin 1/16 na inci, sauya kaca. In ya kai 1/8, har firiwil ya tafi, sabuwar kaca ba za ta zauna a kansa ba. Wanda zai sayi firiwil na hannu a Panteka ya duba haƙora, in sun yi tsini ko sun lanƙwasa kamar ƙugiya ya bar su.

Baƙin mai da ƙurar hunturu in sun haɗu, niƙa ƙarfe suke yi. Wanke kaca da kananzir, ɗiga mai marar kauri a kowace gaɓa, ka goge na waje da tsumma.