Darasi: Gano matsalar karkatar haske a na'urar wasa ta Vectrex

Vectrex na'urar wasan bidiyo ce da kamfanin General Consumer Electronics ya fitar a Amurka a ƙarshen shekarar 1982. Kamfanin Milton Bradley ya sayi wancan kamfani a 1983, kuma a 1984 aka daina ƙera ta. Ba a haɗa ta da talabijin, domin da kwalbar hotonta take zuwa, mai inci 9, baƙi da fari, a tsaye. Akwai wasa ɗaya a cikinta, Mine Storm, wanda yake tashi ko ba a saka kaset ba. Wannan taimako ne ga mai gyara, tunda yana da hoton gwaji a hannu da zarar ya kunna.

Tunda an daina yin ta, duk wadda ta lalace a hannun mai gaggawa ta tafi ke nan. Shi ya sa nake son ka koyi karanta abin da fuskar take nunawa kafin ka ɗauki ƙarfen dalma.

Yadda take zana hoto

Idan ka taɓa gyaran tsohuwar talabijin, ka san yok, wato kwayil ɗin da yake zagaye da wuyan kwalba. Wuta tana bi ta cikinsa, ya zama maganaɗisu, ya ja tsinken haske zuwa inda ake so. Kwayil biyu ne a ciki. Ɗaya yana kai haske hagu da dama, ana kiran hanyarsa X. Ɗayan yana kai shi sama da ƙasa, ana kiran hanyarsa Y.

A talabijin, tsinken haske yana share fuska layi bayan layi daga sama har ƙasa, ko da tasha ko babu. A Vectrex ba haka ba ne. Tsinken yana tafiya ne kamar alƙalami a hannun marubuci: ya tashi daga nan ya ja layi zuwa can, ya ɗaga, ya koma tsakiya, ya sake jan wani. Idan kwamfutar da ke ciki ba ta ce ya motsa ba, yana nan tsaye a tsakiyar fuska. Riƙe wannan da kyau. Mai gyaran talabijin yana ganin layi ɗaya sai hankalinsa ya tafi kan yok da abin da ke tura shi. A nan kuwa laifin yana iya kasancewa can baya, a ɓangaren lissafi.

Fanel biyu ne a cikin akwatin. Na ƙasa, wanda yake kwance, shi ne fanel ɗin lissafi. A kansa akwai ƙwaƙwalwar na'urar, Motorola 68A09, tana aika lambobi ta IC (ƙaramin baƙin guntu mai ƙafafu da yawa) mai lamba 6522 zuwa MC1408, wanda yake mai da lamba ta zama wuta mai hawa da sauka. Daga nan wutar X tana wucewa kai tsaye. Ta Y kuwa sai ta bi ta IC mai lamba 4052, mai rarraba hanya, ta zauna a wani ƙaramin kafasita. Sannan kowacce ta shiga IC mai lamba LF347, inda wuta take taruwa sannu a hankali a kan kafasita, wannan taruwar ce take zama layi miƙaƙƙe. IC mai lamba 4066 shi ne makunnin da yake cewa "fara jan layi" ko "koma tsakiya". Daga nan waya ta ɗauki saƙon zuwa fanel na biyu, na wuta, wanda yake tsaye a gefe. A can LM379 yake ƙarfafa X da Y ya tura su cikin yok. Asalinsa ma IC ne na ƙara ƙarfin sauti, mai hanya biyu.

Kafin ka buɗe

Duba takardar da ke bayan akwatin. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take ci, wutarmu kuwa a Najeriya da Nijar tana kai 220 zuwa 240. Idan ka soka ta a bango ba tare da tiransifoma mai rage wuta ba, ka ƙone ta tun ba ka fara aiki ba.

Kwalbar hoto tana aiki da dubban bolt, kuma tana riƙe wuta bayan an cire waya daga bango. Kada ka taɓa robar nan mai kama da kofi da ke manne a jikinta, ko jar wayar da ta shiga ƙarƙashinta. A wannan aikin ba ka da buƙatar cire ta. Wuyan kwalbar kuma siririn gilashi ne, bugu kaɗan yake fasa shi. In kai sabon hannu ne, yi aikin a gaban maigidanka.

Karanta fuskar

Kunna na'urar ka kasa kunne. In ka ji kiɗan farawa, ƙwaƙwalwa tana raye. Wani ɗan ruri da yake fita daga lasifika, yana canzawa tare da hoto, ba ciwo ba ne. Haka na farko-farko suka fito daga masana'anta, kada ka ɓata lokaci a kansa yau.

In ɗigo ɗaya mai haske ka gani a tsakiya, maza ka rage haske da maɓallin da ke bayan akwatin, ko ka kashe. Haske da ya tsaya wuri ɗaya yana ƙona hodar da ke cikin gilashin, ya bar tabon da babu mai iya goge shi. Ɗigo yana nufin X da Y duka sun mutu, kuma da wuya abubuwa biyu daban su lalace rana ɗaya. Nemi abin da suka yi tarayya a kai. Fara da wuta: auna +5 da -5 da mita. Mutane suna manta ta biyun, alhali ɓangaren zane ba ya aiki sai da ita. In duka suna nan, duba wayar da ta haɗa fanel biyun, sannan MC1408, sannan 4066, wanda in ya maƙale a kan "koma tsakiya" ba zai bar haske ya je ko'ina ba. In kuma ɗigo ne babu kiɗa, bar maganar yok, koma kan ƙwaƙwalwa da wutarta.

Layi ɗaya ya fi ɗigo daɗin aiki, domin hanya ɗaya tana da lafiya, ita za ta zama ma'auninka. Layi a kwance yana nufin X yana aiki, Y ya mutu. Layi a tsaye akasin haka ne. Yi tunani a nan kafin ka taɓa komai. In X yana aiki, to MC1408 lafiya yake, tunda daga gare shi X yake fitowa. Ka cire shi daga zargi ba tare da ka auna shi ba. Y ne kaɗai yake bi ta 4052, saboda haka a layin kwance shi ne na farkon dubawa, tare da kafasitan da ke bayansa. A layin tsaye kuwa tsallake shi, tafi kan LF347 da 4066 da rabin LM379 na X.

Yanzu raba hanyar biyu. Wurin rabawa shi ne wayar da ta tashi daga fanel ɗin lissafi zuwa na wuta. Rage haske, kunna, sa mita a ma'aunin AC, auna X, auna Y. Hanya mai rai lambarta tana motsi yayin da wasa yake gudana. In duka biyun suna motsi, saƙo ya fito lafiya, laifin yana gaba: LM379, soket ɗin yok, ko yok ɗin kansa. In ɗaya ta yi shiru, laifin yana baya. Mai osiloskof, na'urar da take zana motsin wuta a fuska, zai ga abin ƙarara, amma mita ma ta isa ta nuna maka fanel ɗin da za ka zauna a kai.

Yok ana auna shi ne bayan an kashe wuta, an cire waya daga bango, an zare soket ɗinsa. Kowane kwayil zai nuna ƙaramar lamba a ma'aunin om. In ɗaya bai nuna komai ba, ya tsinke. Mai da soket ɗin kafin ka sake kunnawa, in ba haka ba ɗigon nan mai ƙuna za ka samu. Sai dai yok ba ya cika mutuwa. Abin da ya fi yawa shi ne dalma da ta tsage a ƙafafun soket da na LM379, saboda zafi da sanyi na shekara arba'in. Sa gilashin ƙara girma ka duba. Sabunta dalma aikin minti kaɗan ne, LM379 kuwa an daina ƙera shi, samun na gaske yana da wuya. Ni a wurina ba a cire shi sai an tabbatar saƙo yana shiga, wutarsa tana nan, kuma babu abin da yake fita.

Hoton da ya fito amma ya gurɓace

In hoto duka yana rawa ko yana numfashi, zargi manyan kafasitocin wuta, sun bushe. In hoto duka ya karkace gefe guda kamar an juya shi, yok ne ya zame a wuyan kwalba, sai a sassauta maɗaurinsa a daidaita a hankali. In layuka ba sa haɗuwa a kusurwa, ko rubutu yana gangarawa, matsalar tana wajen LF347, da 4066, da ƙananan risistoci masu juyawa da ke fanel ɗin lissafi. Sa alama da biro a inda kowanne yake kafin ka juya shi, ka juya ɗaya kawai, kaɗan, ka duba fuska. Kafasitocin da ke tara wutar layi na roba ne mai narkewa, kada ƙarfen dalma ya daɗe a ƙafarsu.

Aikin gwaji

Zana hanyar X da ta Y a littafinka, daga 68A09 har zuwa yok, ka rubuta lambar kowane IC a wurinsa. Sannan ka amsa waɗannan da baki a gaban malaminka. An kawo maka Vectrex, kiɗa yana tashi, layi ɗaya ne a kwance. Wane IC ne ka tabbata lafiyarsa ƙalau, kuma me ya sa? Ka auna wayar da ta haɗa fanel biyun, X da Y duka suna motsi, amma layi ɗaya ne a tsaye. A wane fanel za ka yi aiki, kuma me za ka fara dubawa kafin ka cire wani abu?