Darasi na Tara: Gujiya Mai Sukari da Gujiya Mai Yaji

Idan kaka ta yi, gujiya, wato gyaɗa, takan cika kasuwar garin Tawa, a Nijar. Wata daga wajen Madawa take zuwa, wata daga jihar Maraɗi. A lokacin ne take araha, ga kuma iskar hunturu busasshiya da ba ta ɓata abin da aka soya. Yau za mu koyi yin ta iri biyu, ta zaƙi da ta yaji, don yara su samu abin taɓawa, baƙo ya samu abin haɗawa da shayi, mai son sana'a kuma ta ƙulla ta sayar a ƙofar gida.

Mu fara karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sannan kowa ya kwafa a littafinsa: gu-ji-ya, su-ka-ri, gi-shi-ri, kas-ko, ya-ji.

Tsincewa

Kafin a hura wuta, a zuba ɓararriyar gujiya a faifai, a zauna inda haske yake. A fitar da tsakuwa, a fitar da ƙwarar da ta yanƙwane, da wadda ƙwaro ya huda, da duk wadda ta yi baƙi ko ta yi kore-kore. Nan ne mutane da yawa suke ganin ƙyashi, su ce ai wuta za ta gyara. Ba ta gyarawa. Gujiyar da ta sha danshi a rumbu ko a buhu tana yin fumfuna, fumfunar kuma tana barin wata guba da masana ke kira afalatoksin. Gubar nan tana lahanta hanta sannu a hankali, kuma suya ba ta raba gujiya da ita. Kada a ba yara abin da aka tsince, kada kuma a zuba wa akuyar da ake tatsa, don gubar tana iya bin nono. A zubar kawai.

Ta zaƙi

Awon ba shi da wuyar riƙewa: kofi 2 na ɗanyar gujiya da jan ɓawonta, kofi 1 na sukari, rabin kofi na ruwa. Da kofi guda za a auna duka. Kada a murje ɓawon, shi ne yake riƙe sukarin.

A haɗa su a tukunya mai kaurin gindi, a ɗora a wuta madaidaiciya, ana juyawa da muciya. Da farko ruwan zai tafasa yana kumfa. Can zai yi kauri, muciya ta fara nauyi a hannu. Sai kwatsam ruwan ya ƙafe, sukarin ya bushe ya koma fari kamar rairayi, ya rabu da gujiyar. Mai koyo takan firgita a nan ta ƙara ruwa, ko ta sauke tana cewa ya lalace. Bai lalace ba, hanyar ke nan. A janye gawayi kaɗan, wuta ta yi ƙasa, a ci gaba da juyawa ba tsayawa. Sukarin da ke gindin tukunya zai fara narkewa yana yin ja-ja, yana manne wa ƙwara ɗaya bayan ɗaya. Idan yawancinsu sun yi sheƙi, ƙamshi ya tashi, a barbaɗa ɗan garin citta da gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka, a juya, a juye a faffaɗan faranti, a warwatsa da cokali.

Kada a jira duk sukarin ya narke. Tsakanin ja da baƙi ba nisa, kuma idan ƙauri ya shiga, ɗaci ya shiga ke nan har ƙwara ta ƙarshe. A kuma nisanta yara da farantin, narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, yana kuma manne wa fata.

Aya ma ana yi mata haka, musamman irin ta Maraɗi. Sai dai a wanke ta sosai saboda tsakuwa, a shanya, a ɗan soya ta tukuna.

Ta yaji

A narka babban cokali 1 na gishiri a kofi 2 na ruwan ɗumi, a zuba gujiya ta ɗan jiƙa, kamar minti 10. A tsane, a baza a rana sai ta bushe. A tankaɗe yashi mai tsabta, a zuba a kasko ya yi zafi, sannan a sa gujiyar ana motsawa. Amfanin yashin shi ne zafi ya kai ko'ina, kada gefe guda ya ƙone alhali ciki ɗanye ne. A riƙa ɗauko ƙwara ɗaya ana murzawa: idan ɓawo ya zube da kansa, ciki ya fara sauya launi, a sauke, a tace yashin da rariya. Tana da zafi za a ji ta da ɗan laushi, sai ta huce take yin garas-garas.

A murje, a bakace. Tun da sauran ɗumi a ɗiga ƙaramin cokali 1 na mai, a zuba yajin barkono, citta da masoro da aka daka lukui, a girgiza a kwano. A ganina man nan bai kamata ya wuce haka ba, aikinsa kawai ya riƙe yaji.

Ajiya

Sai ta huce sarai kafin a rufe. Idan aka zuba ta da ɗumi a kwalba ko leda, gumi zai taru, gobe a tarar ta yi laushi. Kwalbar ma a tabbata ta bushe ƙamas. Da damina a rage yawan da ake yi. Yaron da bai iya tauna sosai ba kada a ba shi ƙwara, tana iya shaƙe shi. Wanda kuma jikinsa ke kumbura ko numfashi ya yi masa wuya in ya ci gujiya, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba.

Lissafi

A baki da dala muke ciniki, a takarda kuwa sefa ake rubutawa, da alamar F. Dala ɗaya 5 F ce, don haka 50 F dala goma ke nan, 1000 F kuma jika ɗaya.

A ce wata mata ta sayi gujiya ta 1000 F, sukari na 400 F, gawayi da leda na 200 F. Ta ƙulla ƙulli 40, kowane 50 F. Nawa ta kashe? Nawa za ta samu idan ta sayar duka? Ribarta dala nawa ce? To, idan yaran gida suka cinye ƙulli 6 fa?

Aikin gida: kowa ya tambayo farashin tiyar gujiya da kilon sukari a kasuwar unguwarsu, ya rubuto da lambobi, mu sake lissafin da su a zama na gaba.