Babi na Huɗu: Asid da Alkalin a Jikin Ɗan Adam

Darasi na 1

Ku ɗauko fensir. Ku ja layi a kwance, ku rubuta 0 a gefen hagu, 14 a gefen dama, 7 a tsakiya. Wannan shi ne ma'aunin pH, mai nuna ko abu asid ne ko alkalin, da kuma ƙarfinsa. Ƙaramin p ake rubutawa, sannan babban H. Ruwa zalla yana kan 7. Duk abin da bai kai 7 ba asid ne, kamar ruwan lemon tsami. Abin da ya haura 7 kuwa alkalin ne, kamar ruwan sabulu mai santsi a hannu.

To, ga inda ake tuntuɓe. Idan lamba ta yi ƙasa, asid ƙarfi yake ƙarawa. Ku sake karantawa a hankali: ƙaramar lamba, asid mai ƙarfi. 2 ta fi 5 asid, ko da yake a ƙirga 5 ce babba. Ku ɗora yatsa a kan 7, ku ja shi hagu: 6, 5, 4. Kowane taki ɗaya, ƙarfin asid ya ninka sau 10. Kada kowa ya ji kunya in ya rikice, kusan kowa a nan yake fara faɗuwa. Ku faɗa da baki sau uku: ƙaramar lamba, asid mai ƙarfi. Madalla.

Darasi na 2

Ruwan tumbinku yana tsakanin 1.5 da 3.5. Jininku kuwa tsakanin 7.35 da 7.45. Wanne ya fi asid? Wanda ya ce jini don lambarsa ta fi girma, haba! Bai ja layin ba ke nan. Ban ce a bi da ido kawai ba, cewa na yi a ɗauko fensir. Ya koma darasi na 1.

Asid ɗin tumbi shi ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa, ya kuma taimaka a narkar da furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki. Wani yauƙi ne ke kare bangon tumbi daga ƙuna. In asid ɗin ya taso sama zuwa maƙogwaro, shi ne ƙwannafi. Da abinci ya gangara ƙaramin hanji, sai ruwan alkalin daga pankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, ya kashe wa asid ɗin kaifi. Huhu da ƙoda su ke riƙe jini a ma'auninsa.

Darasi na 3

Yanzu ga aikin abincin da aka narkar. Furotin yana gina jiki, daga ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid ake haɗa shi. Sitaci yana komawa suga, ya ba da ƙarfi. Kitse ajiya ne. Ku kwafe wannan a littafinku.