Kurakuran da aka fi yi wajen shan amoksisilin

Na daɗe ina aikin jinya a nan Maradi, kuma duk shekara da hunturu ya kama, tari da mura suka cika gari, nakan ga kurakurai iri ɗaya suna dawowa, daga wajen iyaye har da sababbin ma'aikatan da ake turo mana koyon aiki. Amoksisilin dangin penisilin ne, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, amoksisilin kuwa ya shigo kasuwa a 1972. Aikinsa shi ne hana ƙwayar bakteriya gina bangon jikinta har ta fashe, shi ya sa ake ba da shi a ciwon huhu, ciwon kunne, wasu ciwukan maƙogwaro da ƙurjin haƙori. Bairos, ƙwayar cutar da take kawo mura, ba shi da wannan bango, haka ma ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya sayi kafso a kan tiren ɗan talla a tasha domin mura ya zubar da kuɗinsa ne kawai, masassara kuwa gwajin jini take buƙata kafin komai.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a gidana aka yi shi, kuma da hannuna. Ƴata tana da shekara 2 ta kamu da ciwon huhu, aka rubuta mata na ruwa, sau biyu a rana har kwana 5. A rana ta biyu zazzaɓi ya sauka, ta koma wasa a tsakar gida, ni da uwarta muka saki jiki, kwalbar ta zauna a kan kanta. Bayan mako uku tari ya dawo, sai na ɗauko ragowar nan da ta sha zafin ɗaki na ci gaba da ba ta, alhali na san garin maganin da zarar an haɗa shi da ruwa ƙarfinsa raguwa yake yi. Kwana biyu ina yaudarar kaina, sai da na ga ƙasan ƙirjinta yana lotsawa in ta ja numfashi sannan muka ruga asibiti, inda muka kwana huɗu ana yi mata allura. Har yanzu in na ji uwa ta ce ta ajiye ragowa "saboda wata rana", raina ɓaci yake yi. Wace rana? Saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce, kuma shan maganin nan barkatai, yau a sha gobe a bari, shi ne yake koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, har a wayi gari ya daina ci a jikin kowa.

Tun daga lokacin nakan rubuta ranar haɗawa a jikin kwalba, in sa ta a firiji, in babu wuta kuma in jingina ta da gindin randa, bayan kwana 7 kuwa in zubar ko da ta rage rabi. Lokutan sha nakan ɗaura su a kan salla domin ba a mantawa da ita: na sau biyu a asuba da magariba, na sau uku a asuba, azahar da lokacin kwanciya. Nakan kuma koya wa iyaye ƙirga numfashi na minti ɗaya, domin 50 ko fiye ga jaririn wata 2 zuwa 11, da 40 ko fiye ga yaron shekara 1 zuwa 5, alama ce ta a tafi wurin likita.

Kuskure na biyu shi ne miƙa magani ba tare da tambaya ba, kuma wannan laifinmu ne mu ma'aikata. Na taɓa ganin dattijo da leɓɓansa suka kumbura, numfashinsa ya shaƙe mintoci kaɗan bayan ya haɗiye kafso, ba don allurar gaggawa ta adirenalin tana kusa ba da labarin ya canja. Da ya farfaɗo ya ce an taɓa yi masa allurar penisilin jikinsa ya yi borin jini, sai dai ba wanda ya tambaye shi. Me zai rage ku in kun ce, "Baba, ka taɓa shan irin wannan jikinka ya yi ƙaiƙayi ko kumburi?" Wanda ya amsa da e, ba a ba shi amoksisilin ko ɗan'uwansa ampisilin, sai likita ya zaɓa masa wani.

Sauran gajeru ne. Ruwan haɗawa a tafasa shi ya huce, a tsaya daidai layin kwalba, a girgiza kafin kowane sha. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne, a yi amfani da wanda ya zo cikin kwali, a kuma duba ko miligiram 125 ne ko 250 a mililita 5, tunda da nauyin yaro ake auna masa, ba da abin da aka ba ɗan maƙwabta ba. Ɗan sakin ciki yakan faru, amma zawo mai jini a koma asibiti. Masu fasa kafso su barbaɗa garin a kan miki kuma su daina, sha aka yi shi dominsa, mikin kuwa wanki da ruwa mai tsabta da sabulu yake buƙata.