Mai zuwa Kolmanskop, ka yi sammako

In za ka Kolmanskop a Namibiya, ka isa tun da farar safiya.

Tsohon garin haƙar lu'ulu'u ne, kusan kilomita 10 daga Luderitz. A 1908 aka tsinci lu'ulu'u a wurin, yau kango ne, yashi ya cika ɗakuna. An gyara wasu gine-gine, akwai gidan tarihi.

Da rana iska ke tashi, tana watsa yashi har cikin ido. Da safe kuwa shiru, babu sawun kowa a kan rairayi, hoto ya fi kyau. Kuɗin shiga ya haɗa da zagayen ɗan jagora, kada ka biya wani daban.

Ka sa takalmi rufaffe, akwai fasassun gilasai.

Sai dai wani lokaci hazon teku kan rufe garin da safe. Ranar nan sai ka jira ya washe.