Yadda ake haɗa firam ɗin hoto wanda kusurwarsa ba za ta buɗe ba

Kafintocinmu na ƙauye da yawa ba su ɗauki firam a bakin aiki ba. Sanda huɗu, gilashi, kwali a baya, sai a miƙa wa yaron shago ya haɗa kafin la'asar. Bayan 'yan watanni mai hoto ya dawo da abinsa, kusurwa ta wangale, ƙura ta shiga ta kwanta a kan hoton biki, ko shahadar saukar yaro ta manne da gilashi. Na ga yara da dama sun zo koyon wannan aiki, kuma kusan dukkansu a kusurwa suke faɗuwa. Don haka a nan zan fi daɗewa. Riƙon zarto da karanta tef ba zan tsaya a kansu ba, na ɗauka ka iya.

Fara da katakon kansa. Mafi yawan wanda ake sayarwa a 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano daga Kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima, kuma sau da yawa bai gama bushewa ba ake lodinsa. Da ya iso nan, musamman da hunturu, sai ya ci gaba da tsukewa. Katako kuwa ta faɗinsa yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya motsi. Shi ya sa yankan da ka yi daidai yau zai karkace da kansa nan da wata biyu. In ka ga kusurwa ta buɗe ta ciki, wajen da ke kusa da hoto, ɗanyen katako aka yi aikin da shi. In ta waje ta buɗe, wajen tsinin, busasshe ne ya sha laimar damina ya kumbura. Maganin na farko haƙuri ne: a tsaga maka sandunan, ka jera su a inuwa da 'yan itatuwa a tsakani don iska ta ratsa, ka bar su kamar wata guda. Kada ka shanya a rana, bauɗewa za su yi. Maganin na biyu banish ne gaba da baya, ba fuskar da ake gani kaɗai ba.

Ni malaina nake so, ba ta da yawan motsi kuma tana karɓar ƙusa. Obeche yana da sauƙin yanka da araha, amma gara da ƙwaro suna son sa, a ɗakin ƙasa ba ya daɗewa. Faɗin sanda kada ya wuce santimita 3 zuwa 4 in ƙaramin hoto ne, don iya faɗinta iya motsinta. Akwai kuma sandunan roba masu ruwan gwal da ake shigowa da su, waɗanda mata suka fi so a jeren ɗakin amarya. Suna da kyau a ido, sai dai farin gam ba ya kama su, ƙusa kuma fasa su take yi. Sufa gulu ake sa musu, a yanka da zarton ƙarfe.

Kowace sanda tana bukatar gurbi a bayanta, wato ɗan matakin da gilashi da hoto da marfin baya za su zauna. A sa masu inji su fitar maka da shi tun a wurin saye, faɗin santimita 1, zurfi ma kamar haka. In babu inji kusa, manna siririn katako a bayan mai faɗi, ka bar santimita 1 ta gefen ciki. Gurbi ya samu.

Awo daga cikin gurbi ake yin sa, ba daga leɓen da ake gani ta gaba ba, kuma yara da yawa a nan suke fara ɓata katako. Auna hoton, ka ƙara milimita 3 a tsawo da faɗi don gilashi da takarda su sami wurin motsi. Misali takardar shaida mai girman A4 santimita 21 ce da 29.7, da ƙarin ta zama 21.3 da 30. In faɗin sandarka 4 ne, gurbi ya ci 1, saura 3. Ninka shi biyu, 6 ke nan, ka ƙara a kan kowane awo. Bayan gajerun sandunan zai zama 27.3, na dogayen 36. Rubuta a jikin katakon, kada ka riƙe a ka.

To, yanzu yankan kusurwa.

Firam ɗaya yanka takwas ne, kowanne digiri 45. In zartonka yana kaucewa da digiri 1 kacal, kuma gefe ɗaya yake kaucewa, kusurwa uku za su haɗu lafiya ƙalau har ka fara murna, ta huɗun ce za ta tara kuskuren gaba ɗaya, digiri 8. A nan ne yaro yake danne ta da ƙarfi ya buga ƙusa, firam ɗin ya ɗan murɗe, ya zauna a matse har ranar da gam zai saki. Babu wanda yake yanka 45 da ido, ko shekara nawa ya yi a sana'a. Ka haɗa akwatin yanka: katako uku masu tauri, ɗaya a ƙasa, biyu a tsaye gefe da gefe, sanda ta kwanta a tsakaninsu, da tsaga biyu da zarto zai riƙa bi, ɗaya ta karkata dama, ɗaya hagu.

Wajen zana tsagar biyu ne dabarar take. Kada ka zana kowacce daban. Ɗora sikwaya, wato ma'aunin kusurwa mai hannu biyu, a saman akwatin, ka karkata ta, ka ja layin dama da hannunta ɗaya, na hagu da ɗaya hannun, ba tare da ka motsa ta ba. Ko da layi ɗaya ya fito 44 ɗayan 46, in sun haɗu 90 za su ba ka, don kowace kusurwar firam yankan dama ne yake haɗuwa da na hagu. In kana son ganin 45 ɗin kafin ka zana, ɗauki farar takarda ka naɗe gajeren gefenta ya kwanta a kan dogon, layin naɗin shi ne. Ka gwada sikwayar ma, don na kasuwa da yawa ba daidai suke ba: ja layi da ita a gefen miƙaƙƙen katako, kife ta ka sake ja a wuri ɗaya. In layukan sun rabu, nemi wata.

Sa zarto mai ƙananan haƙora. Bayan sanda ya jingina da bangon akwati, fuskarta tana sama, ka cusa guntun katako a cikin gurbi don kada ta kife lokacin yanka. Kada ka danna zarto, bar shi ya ci da nauyinsa. Kafin ka taɓa katakon aiki, yanka guntaye biyu ka haɗa su a cikin sikwaya ka ɗaga wajen haske. In haske ya ratso, gyara akwatin. Akwatin ma tsufa yake yi: da tsagar ta yi faɗi har zarto yana rawa a ciki, jefa shi a murhu ka haɗa sabo. Guntayen katako uku ba su kai kuɗin firam ɗaya da aka dawo maka da shi ba.

Akwai wani abin da yake buɗe kusurwa ko da yankan ya yi daidai, wato bambancin tsawo. Dogayen biyu dole su zama ɗaya, gajerun ma haka. Milimita 1 ta isa ta ɓata aiki. Buga ɗan katako a kan teburin ya zama matokari, sanda ta farko da ta biyu su tokare shi a wuri ɗaya. Bayan yanka, haɗa su baya da baya ka shafa tsininsu da ɗan yatsa, yatsa ya fi ido gani a nan. In za ka goge bakin yankan, kada ka riƙe samfefa a hannu, za ta cinye gefuna ta bar tudu a tsakiya. Manna ta a kan guntun gilashi mai kauri, ka goga katakon a kanta sau biyu ko uku, zuwa gefe ɗaya.

Jera sandunan huɗu ba gam a kan wuri mai baje, tayil ko gilashi, ba daɓen shago ba. In reza tana shiga tsakanin kusurwa, sake yanka. Cike gibi da garin katako da gam ni ban yarda da shi ba sai in siririn layi ne kamar gashi. Wanda ya fi haka zai tsage a hunturun farko.

Farin gam na katako irin Top Bond ya wadatar, amma sau biyu ake shafa shi. Bakin yanka kamar karan dawa da aka datse yake, tsotse ruwa yake yi, in ka shafa sau ɗaya ka haɗa, katakon zai shanye gam ɗin ya bar kusurwa a bushe. Ɗan tsinka shi da ruwa ka shafa siriri a bakuna takwas ɗin, jira 'yan mintoci ya sha, sannan ka sa mai kauri ka haɗa. Da hunturu gam yana saurin yin fata, don haka da safe ya fi, kuma ka tanadi komai a kusa kafin ka buɗe roba. Matsewa ba sai ka sayi ƙarfen kamfani ba. Je wurin mai faci ka karɓi tsohon tub na babur, yanka shi dogon zare mai faɗin yatsa biyu, sa naɗaɗɗen kwali a kowace kusurwa, ka zagaye firam ɗin da robar sau uku ko huɗu tana a ja. Nan take auna daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a karkace, ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ɗan matsa mai tsawon har su daidaita. Goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen tsumma, in ya bushe banish ba zai kama wurin ba. Bar shi ya kwana.

Ƙusa sai washegari. Siririya, ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe don kada ta tsaga katako, biyu ta gefe ɗaya, ɗaya ta ɗaya gefen, kada su yi karo a ciki. Babban firam daga inci 16 da 20 zuwa sama, ƙara masa ɗan filawud mai kusurwa uku a bayan kowace kusurwa. Sai samfefa da banish.

Gilashi bayan an gama firam ake yanka shi, a kan awon gurbin da ke gabanka, a rage milimita 2. Mai kaurin milimita 3 ya isa, na taga ya yi nauyi. Tsoma bakin abin yankan a kananzir, ja layi sau ɗaya tak daga farko zuwa ƙarshe, ka karya nan take a bakin tebur. Maimaita layi yana kashe bakin, gilashin kuma ya karye inda ya ga dama. In za ka sayo daga Kofar Ruwa, ku haɗa kuɗi da wani ku ɗauki babban falle, ya fi yanki-yanki sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a tsaye ake ɗauko shi, in ka kwantar da shi a mota ramin farko zai gama da shi. Ragowar guntaye kada ka zubar, ƙananan firam na inci 5 da 7 suna tafiya a Wudil ranar Juma'a da Gujungu ranar Lahadi.

Hoto kada ya taɓa gilashi. Fuskar hoto mai sheƙi tana jan laima, da damina sai ta manne, in aka zo ɓamɓarewa fuskar mutum ta bi gilashi. Takardar da aka rubuta da tawadar gargajiya ta fi haɗari, don da ƙaro ake haɗa ta, ruwa kaɗan ke narkar da ita. Yanka farin kwali mai tsabta ka yi wa hoton taga, ko ka sa siraran yankan kwalin a cikin gurbi inda leɓe zai ɓoye su. Kada ka shafe bayan hoto da gam, kada ka zagaye shi da selotef, zai yi rawaya ya bar tabo. Riƙe shi ta sama kawai da 'yan guntayen takarda biyu, ƙasan ya sake. Wanke gilashi da sifirit, ka tabbata ya bushe sarai kafin ka rufe.

Marfin baya filawud siriri ko katakon silin, a shafe shi da banish. Kwalin taliya da ake sawa don araha abincin gara da kyankyaso ne. Tare shi da ƙananan ƙusoshi, ka rufe tsagar duka da tef na takarda saboda ƙura. Zobba biyu a gefe da gefe, kashi ɗaya cikin uku daga sama, ka ɗaura waya. Manna guntun tsohon silifas a kusurwoyin ƙasa ta baya don iska ta riƙa wucewa tsakanin firam da bango.

Ka faɗa wa mai hoto ya guji bangon gabas in ɗakin ƙasa ne, don ta nan ruwan sama yake dukan gini, ya kuma guji inda rana ke faɗowa ta taga da inda hayaƙin turaren wuta ke tashi. A bangon laka a fara kafa turken itace a karkace, sannan a buga ƙusa a jikinsa. In uwargida za ta goge, ta jiƙa tsumman kaɗan ta matse, kada ta watsa ruwa a gilashin, don gangarawa zai yi ya taru a gurbin ƙasa, takarda ta tsotse shi.